Tuwo Mai Kusurwa Huɗu

Jami'armu ƙarama ce, tana can bayan Kawo, kuma in gaskiya za a faɗa, azahar na yi sai ta mutu murus. Malami na rufe baki kowa zai suri jakarsa. 'Yan Unguwar Dosa da Malali su faɗa motocin gidajensu, mu 'yan Hayin Banki mu bazama bakin titi neman keke napep, 'yan hostel kuma, bayin Allah, su koma ɗakunansu su jiƙa garin kwaki suna kallon silin. Akwai yarinyar da muka daɗe muna zama benci ɗaya da ita, ban san sunanta ba sai ranar da ta ari birona ta wuce da shi, na shiga cigiya.

Abin ya dami Dakta Sanda, shugaban sashen kula da ɗalibai, mutum mai tumbi da son jama'a. Ya tara mu a babban ɗakin taro ya ce kowa ya kawo shawarar yadda za a sa wa makarantar rai. Ya ɗora Sumayya a kan shugabancin kwamiti. 'Yar wani darakta ce a ma'aikatar gwamnati, mai kirki da son tsari, irin mutanen da ko atishawa za su yi sai sun sa mata lokaci. Shawarwari kuwa suka yi ta zuba. Wani ya ce a gina wurin ninkaya, a makarantar da famfo sai ya yi tari kafin ya ɗigo. Wata ta ce a kafa ƙungiyar masu karatun littattafai, aka tambaye ta littafin da ta karanta na ƙarshe, ta ce a wuce wurin. Wani ɗan ajinmu ya miƙe ba alamar wasa a fuskarsa, ya ce babban abin da zai gyara rayuwar ɗalibi shi ne a soke darasin safiyar Litinin. Shi ya fi kowa samun tafi.

Sai Sharhabil ya miƙe. Sharhabil maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, tare muka yi Islamiyya, tare muka shigo jami'a. Dogo ne siriri, baki gare shi kamar rediyo, kuma in ya fara magana ko shi bai san inda za ta tsaya ba. Ya ce duk wannan neman nesa ne, abin da makaranta ke buƙata ciyayya ce, irin wadda iyayenmu maza ke yi a ƙofar gida bayan magariba, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗu a kan tabarma a ci tare. Ya ce a zaɓi rana ɗaya a mako, 'yan gida su zo da abinci, 'yan hostel su zo da ciki. Ya ce wanda kuka sa hannu a kwano ɗaya da shi ba zai wuce ka a hanya bai gaishe ka ba. 'Yan hostel suka miƙe tsaye suna buga benci, har wani daga baya yana cewa a ba shi shugabancin makarantar gaba ɗaya. Nan take aka tsayar da Laraba.

To a nan Sumayya ta sa hannu. Gidansu mai get ne da maigadi, ba ta taɓa ganin ciyayya da idonta ba, don haka ba ta san ƙa'idarta ba. A ciyayya ba a tambayar kwanon wane ne. Turo su ake yi tsakiya a buɗe, mai nama da marar nama duk hannu ɗaya ke shiga, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar ya wanke hannu ya zauna, ba mai ɗaga ido. Ita kuwa da kyakkyawar zuciya ta ce ai rashin tarbiyya ne a ci abincin iyaye ba a gode musu ba, saboda haka za a kawo makirfo, kowa ya miƙe ya faɗi wadda ta dafa, a yi mata addu'a. Ta juya tana dariya ta ce, "Kai kuma Sharhabil, tuwon Innarka da ka cika mana kunne da shi, ranar Laraba za mu gani da idonmu."

Ɗaki ya sake ɗaukar tafi. Ni kaɗai hannuna bai motsa ba, domin in ban da shi, ni kaɗai a wurin na san mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta rasu.

Ta rasu ne a hutun da muke jiran a ɗauke mu jami'a, ciwon 'yan kwanaki, ba ta ga shigarsa ba. Gidan ya koma daga shi sai mahaifinsa, Malam Abubakar birkila. Abinci sai na saye, ko kwanon da Ummata, Yalwa, ke miƙawa ta kan katanga. A gidan ba a ambaton sunan marigayiya, kowannensu yana tsoron ya tayar wa ɗan'uwansa da kuka. A makaranta kuwa labari ya sha bamban. A makonmu na farko wani ya tambayi Sharhabil me ya sa yake saurin tafiya gida, bakinsa ya riga shi ya ce Inna ba ta son ya kai magariba a waje. Daga nan abu ya zarce. Inna ta ce kaza, Inna ta taya mai gwanjo zane har ya roƙe ta don Allah ta tafi, tuwon Inna in ka ci sai ka nemi wurin kwanciya. Labaran duk gaskiya ne, ni shaida ce, lokacinsu ne kawai ya wuce. Na taɓa ritsa shi a cikin keke na tambaye shi wannan abu har yaushe. Yana kallon titi ya ce, "Hassana, a unguwa kowa kallon maraya yake min. Makaranta ce kaɗai wurin da ta rage min da rai. Ki bar min." Na bar masa, kuma tausayinsa ya kama ni ƙwarai a ranar.

Yanzu ga shi baki ya yanka wuya. Muna fita daga taron na ce masa sannu da ƙoƙari, mai shawara. Ya ce in taimake shi da dabara, tsiya ta jira wani lokaci. Dabarar ba ta da wuya: Umma za ta yi kula biyu, ɗaya tawa, ɗaya a ce ta Inna ce. Da na kai wa Umma maganar ta ce ita ba ta son ƙarya, amma marayan Kulu ba zai ji kunya a gaban 'ya'yan manya ba tana raye.

Kafin Laraba ta zo makarantar ta riga ta farfaɗo, tun ba a ci ko loma ba. Mutanen da ba su taɓa gaisawa ba suka koma tsayawa a baranda suna bugun cikin juna, me za a kawo daga gidanku. Iyaye mata kuwa suka ɗauki abin kamar gasar ƙasa. An ce mahaifiyar Sumayya ta ɗauki hutu daga ofis. Wata ƙawata ta ce kakarta ta taso takanas daga Zariya don kada a ɓata sunan zuri'a da waina marar tashi. Umma ta yi ta aike na kasuwar Kawo har sai da mai kabewa ya fara tambayata ko biki za a yi ba a gayyace shi ba. 'Yan hostel kuma suka shiga gaishe mu da ladabi tun daga nesa, har da masu riƙe mana jaka.

Inda aka samu matsala shi ne Abbanmu, wanda ba ya iya riƙe labari mai daɗi. A ƙofar masallaci ya ba Malam Abubakar labarin ciyayyar, ya ƙara da cewa kada ya damu, Yalwa za ta yi wa Sharhabil nasa. Malam Abubakar bai san komai game da zancen Inna a makaranta ba. Abin da ya ji kawai shi ne kowane gida zai aika kwano, nasa gidan kuma zai aika na aro. Ya dawo ya tsaya a tsakar gidansa ya ɗaga murya yadda za mu ji ta katanga, ya gode wa Umma, sannan ya ce ɗansa ne ya kawo shawarar, don haka daga gidan nan tuwo zai fita, kuma shi da kansa zai tuƙa.

Ranar Laraba da sassafe ya aika wa yaran aikinsa cewa yau ba gini. Ni kuwa na jawo turmi na kifa a gindin katanga na hau, domin wannan ba abin da za a ba ni labari ba ne. Umma na tsaye a ƙasa tana kaɗa miyarta, ni ina isar mata da rahoto. Baba, haka nake kiransa, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya tura hula ƙeya, ya sauko da babbar tukunyar marigayiya ya ɗora a murhu. Sharhabil ya zama lebura, shi ne ɗebo ruwa, shi ne hura wuta, idanunsa sun yi jawur da hayaƙi da fargaba.

Ruwa na tafasa Umma ta kasa haƙuri. Ta ce, "Malam, an dama talge kuwa? Sai an fara zuba mai ruwa-ruwa ya nuna kafin a kawo gari."

Ya ce, "Yalwa, bene na ɗora a Doka da hannun nan, har yau ko tsagewa bai yi ba. Gari da ruwa ne za su gagare ni?"

Umma ta ce a ƙasa-ƙasa ba a fafe gora ranar tafiya. Shi kuwa ya ɗauki garin masara kwano guda cur ya juye a tafasasshen ruwa, ya ƙara wani, yadda yake juye siminti, ya yi bismilla ya soka muciya. Muciya ta shiga ta tsaya ƙyam. Ya ja ta dama ta ƙi, ya ja ta hagu tukunya ta biyo shi. Ya ce Sharhabil ya danne tukunyar da tsumma, shi kuma ya kafa ƙafa ɗaya a dutsen murhu ya kama tuƙi da hannu biyu yana nishi, yana yi wa tuwon faɗa kamar yaron aikin da ya makara. Na ce wa Umma gudaji sun fito, ta tambaye ni kamar yaya girmansu, na ce akwai kamar goro, akwai kamar ƙwan zabo. Ta dafe kai ta zauna a kan kujera.

Miyar kuka ta zo da nata rikicin. Ya barbaɗa kuka da cikin hannu, miya ta yi kauri har maburgi ya ƙi juyawa. Ya ƙara ruwa ta tsinke. Ya ƙara kuka ta sake kamewa. Haka suka yi ta yi, ruwa, kuka, ruwa, kuka, har miyar ta tashi daga ƙaramar tukunya ta koma babba. Ƙauri ya cika layinmu, matan maƙwabta suka fara leƙowa suna tambayar gidan wa ke ci da wuta.

Da aka zo kwashewa sai malmala ta ƙi mulmuluwa. Duk wadda ya ɗebo da mara sai ta fito da ƙahoni. Baba ya tsaya ya yi nazari irin na masu sana'a, ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar roba mai kusurwa huɗu, ya shafe cikinta da mai, ya danna tuwo a ciki ya kife. Sai ga bulo ya fito sak. Ya yi murmushin wanda ya dawo gida bayan doguwar tafiya. Ya yi ta bugawa yana jerawa a cikin babbar langa, yana saɓa gaɓoɓinsu yadda ake ɗora gini, wai don kada su rushe a hanya. Ya shafe samansu da bayan mara, ya ja da baya ya kanne ido ɗaya ya duba ko layin ya miƙe. Sharhabil ya dubi langar, ya dubi mahaifinsa da gari har a gira, sai dariya ta ƙwace masa. Baba ma ya fashe, su biyu suka yi ta yi har suna riƙe ciki. Umma ta tsayar da abin da take yi ta ce rabon da ta ji dariya ta katangar nan tun Kulu na da rai.

Duk da haka Umma ba ta fasa nata ba. Ta miƙo min kula biyu, ta ce ta biyun tuwon shinkafa ce da miyar taushe, in riƙe ko da za a buƙata. Muka tari keke, Sharhabil ya rungume langa a cinya, bokitin miya a tsakanin ƙafafunsa. Mai keken ya yi ta waiwaye yana tambayar abin da muka ɗauko da gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ni ina ta dariya, amma na lura tun daga kwanar Kawo Sharhabil ya daina tanka min. Muna shiga makaranta ya zarce wani aji da ba kowa, ya tura langar da bokitin ƙarƙashin teburin malami, ya miƙo hannu ya karɓi kular Umma. Haushi ya kama ni, na ce masa mutumin nan ya bar aikinsa ya sha hayaƙi saboda kai. Ya ce ya sani, amma duk wanda ya ga tuwon nan ya san ba mace ce ta yi shi ba, daga nan kuma sai tambaya.

Filin da ke bayan ɗakin karatu, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, ban taɓa ganin sa haka ba. An shimfiɗa tabarmi, na maza a gefe, na mata a gefe, kwanuka na yawo tsakani. Ga dambun shinkafa, ga waina da sinasir, ga faten acca da 'yan matan Kudancin Kaduna suka kawo, ga amala daga gidan wani Bayerabe ɗan ajinmu wanda ya tsaya yana koya wa mutane yadda ake haɗiye ta ba tauna. Kulolin gidan su Sumayya sai da direba ya yi sawu yana sauke su. 'Yan hostel sun iso da cokula a aljihun gaba kamar biro, wasu sun rantse tun jiya ba su sa komai a baki ba don shiri. Wani malamin lissafi da muka ɗauka ba shi da haƙora, saboda ba mu taɓa ganin su ba, sai ga shi yana dariya da ƙashin kaza a hannu. Dakta Sanda ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya naɗe hannun ta ciki, ya zauna dirshan.

Sumayya na zagayawa da makirfo. Kowa ya miƙe ya faɗi wadda ta dafa, jama'a su amsa da Allah ya saka wa Mama da alheri, a buɗe kwano a yi masa rubdugu. Layi na matsowa kusa da Sharhabil, yana zaune da kular Umma a gabansa yana murmushin dole, sai na ji ƙarar babur ɗin da na sani tun ina yarinya.

Baba ne. Ya yi wanka ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya kafa hula, yana riƙe da kwalbar man shanu. Wai mantawa muka yi da ita. Ni dai na san man shanu hujja ce, so yake ya ga yadda 'yan jami'a za su ci tuwonsa. Ya yi sallama, aka amsa, ya tako a hankali yana bin tabarmi da ido, kwano bayan kwano. Ya iso kan ɗansa ya ga kula, kuma ya san kular, domin ta sha tsallaka katangarsa. Ya sunkuya ya ajiye kwalbar a gaban Sharhabil, ya ce a ci lafiya, shi zai koma, akwai aiki. Ya juya yana laluben makullin babur a aljihun da ba nan yake ba.

Ban san lokacin da Sharhabil ya tashi ba. Na dai ga ƙafafunsa dogaye suna tsallake kwanuka, ya nufi ajin nan da gudu, ya dawo da langa a ka da bokiti a hannu, miya na fallatsa a wandonsa. Ya dire a tsakiyar tabarmar maza, ya ce Baba ya dawo ya zauna, sannan ya ɗage murfi.

Kowa ya leƙo yana ƙoƙarin gane abin da yake gani. Sai wani ya tambaya ko harsashin sabon hostel za a kafa. Shi ke nan fili ya kece. Mutane suka taso daga tabarminsu, wayoyi suka fito ana ɗaukar hoto, masu karatun injiniya suka durƙusa suna yaba yadda aka saɓa gaɓoɓin. Baba ya dawo ya tsaya yana murmushi, ƙirjinsa ya ɗan fito. Sumayya ta iso tana share hawayen dariya, ta russuna ta gaishe shi, ta ce a makirfo, "Baba, yau Inna da wasa ta tashi. Ita ta yi mana wannan? Don Allah in ka koma a gaishe ta, kullum muna shan labarinta."

Murmushin Baba ya tsaya a inda yake. Ya dubi Sumayya, ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, kuma na ga lokacin da ya gane komai. Na kuwa san Malam Abubakar mutum ne da ba ya ƙarya ko a ciniki. Ya gyara hularsa ya ce a hankali, "A tukunyarta aka yi, 'yata."

Ya tsaya a nan, bai ƙara ba. Ya bar wa ɗansa ƙofa a buɗe, in ya so ya wuce abinsa, ba wanda zai sani. Sharhabil ya miƙa hannu ya karɓi makirfon, makirfon ya yi ƙara kafin ya daidaita.

Ya ce, "Baba ne ya tuƙa. Inna ta rasu tun kafin mu shigo makarantar nan. Ni ne ban faɗa muku ba."

Dakta Sanda ne ya fara zare hannunsa daga cikin dambu, ya goge, ya ɗaga tafukansa sama. Kowa ya bi, abokanmu Kirista suka sunkuyar da kai, aka yi wa Inna Kulu addu'a mai tsawo a kan tabarmin da aka shimfiɗa don ci. Da aka shafa, ba wanda ya ba da umarni, sai maza suka tashi suka yi layi, kowa ya zo ya ba Baba hannu ya ba Sharhabil, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙanta. Mu mata muka matso gefen tabarmar muka durƙusa muka yi namu. Baba na amsawa da godiya, da godiya. Sumayya kuka take yi sosai tana neman gafara, Baba yana ce mata ba ta yi laifin komai ba. Sharhabil kuwa, wanda ranar jana'iza ban ga hawayensa ba, ya kifa kai a gwiwa ya yi kukansa a gaban makaranta guda, ni ma na taya shi.

Dakta Sanda ne ya dawo da mu. Ya ce abinci ba ya jiran mai kuka, a miƙo masa bulo ɗaya. Ya gutsura da ƙyar, ya tsoma a miya, ya kai baki, ya ci karo da gudaji, ɗanyen gari ya fashe ya bule masa gemu fari fat. Ya yi tari, ya sha ruwa, ya ce tuwon nan yana da inganci, zai kai mutum har gobe. Dariya ta dawo, mai haɗe da jan majina. 'Yan hostel suka zagaye langar suka rushe ginin tun daga sama, Baba na zuba musu man shanu yana gargaɗin su bi a hankali, na ƙasan sun fi tauri.

Cikinsu akwai wani Mamman, yaro mai tambaya ba kunya. Da bakinsa cike ya tambayi Sharhabil ko da gaske tuwon marigayiya ya kai yadda yake faɗa. Sharhabil ya share fuska ya ce, "Inna, Allah ya jiƙanta," tabarmi duka suka amsa da amin, ya buɗe baki zai ci gaba, sai Baba ya riga shi.

Ya ce ya kai har ya fi, amma ba da shi aka haife ta ba. Ya ce tuwon farko da Kulu ta tuƙa masa tana amarya ya fi wannan gudaji, har da wanda ya kusa cire masa haƙori, kuma ya cinye tas ya ce a ƙaro, ita kuma ta shige bayan ƙofa tana leƙensa ta ga ko zai mutu. Ya gyara zama ya ci gaba, Kulu ta ce, Kulu ta yi, sunan da ban ji a bakinsa ba tun ranar da aka fita da ita. Sharhabil ya matso kusa da shi ya zuba tagumi, bakinsa a rufe, domin wannan labarin bai taɓa jin sa ba.